Yini Guda a Tsohuwar Kaduna: Ina Za a Kai Baƙo, Me Za a Ba Shi Ya Ci?

"Assalamu alaikum Malam. Shekara uku ke nan da aiki ya kawo ni Kaduna, ina zaune a Malali, amma in ban da hanyar ofis da ta kasuwa ban san garin ba. Ƙanen mahaifina da wani amininsa za su zo daga Damagaram a watan gobe, sun ce in ware musu yini guda in zagaya da su wuraren tarihi, su kuma ɗanɗani abincin gari. Abokan aikina sun ce Kaduna ba ta da tsohon gari, wai in ɗauke su mu tafi Zariya kawai. Shin haka ne? In kuwa akwai abin gani a nan, daga ina zan fara, kuma me zan ciyar da su?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi. Allah Ya kawo su Baffa lafiya. In na fahimce ka, ɗan'uwa, abu biyu kake son sani: ko Kaduna tana da tarihin da ya kai a ba shi yini guda sukutum, da kuma yadda za a tsara yinin ta yadda ido zai ƙoshi, ciki ma ya ƙoshi, ba tare da an wahalar da dattawa ba. Na yi shekaru ina koyar da tarihi a garin nan, kuma kusan kowane zango nakan fita da ɗalibai, wani lokaci da baƙi, zuwa waɗannan wurare, saboda haka abin da zan faɗa maka hanya ce da ƙafata ta taka sau da yawa.

Maganar abokan aikinka

Maganar tasu tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta cika ba. In abin da ake nufi da tsohon gari shi ne birni mai ganuwa da ƙofofi da fadar sarki da marina da zaurukan malamai, to Kaduna ba ta da shi, ba ta kuma taɓa yin sa ba. Garin nan Turawa ne suka zana shi. Kafin zuwansu ƙauyukan Gbagyi ne a warwatse a gefen kogi, a cikin ƙasar Zazzau. Gwamna Lugga da mutanensa sun zauna a Lakwaja da Jabba, daga nan suka koma Zungeru, amma ba su sami yadda suke so ba, sai suka nemi wuri mai wadataccen ruwa, wanda hanyar dogo ta ratsa, wanda yake tsakiyar lardunan Arewa, kuma wanda ba ya cikin birnin wani babban sarki da za su riƙa haɗa kafaɗa da shi. A 1917 hedkwatar Arewa ta taso daga Zungeru ta dawo nan, ta kuma zauna har 1967, lokacin da Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12. Sunan garin daga kogin aka samo shi, kuma mafi yawan mutane sun tafi a kan cewa jam'in kada ne, ko da yake akwai Gbagyi da ke cewa daga harshensu kalmar ta fito.

Ke nan shekara 50 cur duk wata magana da ta shafi Arewa, daga Sakkwato har Borno, daga Katsina har Ilori, a garin nan ake yanke ta. Wannan shi ne tarihin Kaduna, kuma ba a cikin ganuwa yake ba. Yana cikin gine-ginen mulki, da hanyar dogo, da kasuwanni, da sunayen unguwanni. Wanda ya ji Unguwar Kanawa da Tudun Nufawa da Unguwar Shanu ya san su waye suka zo da abin da ya kawo su, haka kuma wanda ya ratsa tsakiyar gari ya ga tituna da sunan Kano da Katsina da Legas da Abekuta da Ibadan ya san gari ne da aka tara daga ko'ina.

Akwai kuma abin da abokan aikinka ba su duba ba, wato su waye baƙin. Mutumin Damagaram ya baro Birni da fadar Sultan a gida, ya tashi yana ganin soro da zanen bango, don haka ba tsohon gini ne zai ba shi mamaki ba. Abin da ba shi da shi a gida shi ne gidan Sardauna, da masallacin da Sheikh Abubakar Gumi ya yi tafsiri, da gidan Rediyon Kaduna, wanda duk dattijon da ya tashi a kudancin Nijar ya girma yana jin muryarsa. Za su ma fahimci Kaduna fiye da yadda kake zato, domin Damagaram ita ma ta taɓa zama hedkwatar Nijar a zamanin Faransawa kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Zariya kuwa gari ne da ya cancanci nasa yinin. Tana da nisan kimanin kilomita 80, kuma in ka ce za ka haɗa fadar Sarkin Zazzau da masallacin da Babban Gwani ya gina da ƙofofin birni da wuraren Kaduna duk a rana ɗaya, za ku ƙare ne a kan hanya, ba ku ga nan ba, ba ku ga can ba.

Wace rana, wane lokaci

Kusan duk wuraren tarihin Kaduna ma'aikatu ne masu ma'aikata da lokacin tashi, don haka ranar aiki ta fi Asabar da Lahadi. Ni na fi son tsakanin Talata da Alhamis. Juma'a tana da daɗi in manufa ita ce a yi salla a Masallacin Sultan Bello, amma tun kafin azahar hanyoyin Unguwar Sarki suke cunkushewa, ma'aikata kuma hankalinsu ya koma masallaci. In zuwan nasu ya faɗo a hunturu, kun huta. In bazara ce, a tabbata an gama duk wani yawo na ƙafa kafin ƙarfe 12. In kuwa damina ce, musamman watan Agusta, a ajiye wuraren da ke da rufi don yamma, domin hadarin Kaduna ba ya sallama. Ka nemi mota guda ta yini, taka ko ta haya, domin hawa da saukar keke napep sau shida ko bakwai ba aikin dattijo ba ne.

Daga karin kumallo zuwa azahar

Kada a karya a gida. Abincin titi na ƙasar Hausa yana da sa'arsa, kuma wanda ya saɓa sa'ar ragowa zai ci. Koko da ƙosai na sassafe ne, tun daga fitowa masallaci har wajen ƙarfe 9, waina ma haka, kuma daɗinta duk yana cikin a kwashe ta daga tanda a gabanka, a zuba mata miyar taushe ko a barbaɗa ƙuli da mai. Ba sai na ambaci sunan kowa ba: ka shiga Unguwar Shanu ko Unguwar Sarki ko Tudun Wada wajen ƙarfe 7 da rabi, ka duba inda yara suka yi layi da kwanuka, ka kuma duba man suyar, in ya yi baƙi ka wuce gaba. Layin yaran unguwa ya fi kowane allon talla gaskiya, domin iyayensu mata ne suka aiko su, kuma ba sa aike wurin da suka taɓa cin abin da ya ɓata musu ciki.

Daga nan sai gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke kan titin Ali Akilu. Ginin kansa tarihi ne, domin shi ne tsohuwar hedkwatar jam'iyyar NPC ta su Sardauna, kafin a mayar da shi gidan tarihi a 1975. Abin da nake fara nuna wa baƙo a ciki shi ne kawunan yumɓu na Nok, waɗanda suka haura shekara 2,000, kuma sunansu na wani ƙauye ne a Ƙaramar Hukumar Jaba a kudancin jihar nan, inda masu haƙar kuza suka fara cin karo da su a 1928. Wannan kaɗai ya isa amsa ga mai cewa ƙasar Kaduna ba ta da tsohon tarihi. Gidan ba shi da girma, awa ɗaya ta isa, a kuma leƙa wurin masu sana'ar hannu da ke harabar.

Inda nake so ka ba lokaci sosai shi ne Arewa House, a kan titin Rabah, tafiyar 'yan mintoci daga gidan tarihin. Nan ne gidan Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda ya zama Firimiyan Arewa a 1954, kuma a nan ne sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu a daren 15 ga Janairu, 1966, cikin watan azumi. A 1970 aka mayar da wurin cibiyar bincike da adana tarihi, wadda yanzu take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, kuma Farfesa Abdullahi Smith ne ya fara jagorantar ta. Akwai ɗakin karatu, akwai tarin takardun gwamnatin Arewa da rubuce-rubucen Larabci da na ajami, akwai kuma hotuna da kayayyakin da suka shafi rayuwar Sardauna. Shawarata ita ce ka nemi ma'aikacin da zai zagaya da ku, sa'an nan kai ka ja baya ka yi shiru. Na lura cewa ɗalibai sukan shiga suna hira suna ɗaukar hoto, amma dattawa da suka ji labarin rasuwar Gamji, wato Sardauna, da kunnensu, ko suka ji shi daga bakin iyayensu, sukan tsaya gaban hoto guda su daɗe, daga nan sai su fara ba da nasu labarin, na inda suke a ranar, da waƙoƙin da makaɗa suka yi masa. Sau da yawa na fita daga gidan nan da abin da ban shiga da shi ba, kuma daga bakin baƙon da na kawo na same shi. In Baffa ya fara irin wannan hira, kada ka dubi agogo. Gara a soke wani wuri da rana da a katse shi.

Azahar sai ta same ku a Masallacin Sultan Bello, wanda aka gina a 1962, aka sa masa sunan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu. A nan Sheikh Abubakar Gumi, wanda ya riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Arewa, ya yi shekaru yana karatu da tafsirin azumi ana watsawa ta rediyo, har rasuwarsa a 1992.

Abincin rana, inda aka fi yin kuskure

A nan zan ba ka labarin kuskuren da ni na yi. Na taɓa fita da wasu baƙi daga Gombe, da azahar na kai su suka ci tuwon shinkafa da miyar taushe, na kuma ga ai karamci ne in bi su da fura da nono mai sanyi. Kafin mu kai shataletale na biyu uku daga cikinsu sun yi barci a mota, sauran yinin kuwa ni da direba muka sha kallonmu. Tun daga ranar na bar tuwo da fura zuwa dare.

Abin da ya dace da rana, kuma ya fi zama na ƙasar nan, shi ne fate. Ana tsokanar Zage-zagi da son sa, su kuwa ba su taɓa musantawa ba. Tsakin masara ne ake dafawa ruwa-ruwa da ganye, yakuwa ko rama don tsami, alayyafo don laushi, da gauta mai ɗan ɗaci, da dakakkiyar gyaɗa, wasu su sa wake, wasu su jefa ƙashi mai ɓargo. Mutanen kudancin jihar suna yin nasu da acca, wanda ya fi sauƙi a ciki, kuma shi nake zaɓa wa dattijo. Fate mai kyau ba ya tsinkewa kamar kunu, ba ya kuma daskarewa kamar tuwo, kuma tsamin ganyen ne ya kamata ya fara gaishe ka kafin yaji. Matsalarsa guda ce: abincin gida ne, ba kowane gidan abinci ke yin sa ba, masu yi ma kan sayar da shi ya ƙare da wuri. Abin da ni nake yi shi ne in sa iyali su roƙi wata maƙwabciya Bazazzagiya tun ana gobe, a ba ta cefane, a dawo gida a ci a ɗan miƙe ƙafa. Daga Unguwar Sarki zuwa Malali ba nisa, don haka wannan ba zai ɓata muku tsari ba. In hakan bai samu ba, dambun shinkafa da zogale ko ɗan wake sun isa su riƙe ciki ba tare da sun kashe jiki ba.

Ka kuma sani cewa abincin gari a Kaduna bai tsaya ga na Hausawa ba. Jirgin ƙasa da aikin gwamnati da barikin soja da masaƙu sun kawo Yarbawa da Nufawa da Ibo da Tibi da mutanen Filato, kowa da tukunyarsa, har ta kai yaron da aka haifa a Tudun Wada yana cin sakwara da miyar agushi ko amala kamar yadda yake cin tuwon masara da miyar kuka. Ga mutumin Damagaram, wanda doya ba ta cika isa gare shi da araha ba, sakwarar da aka daka a turmi tana iya zama abin da zai fi tunawa. Sai dai ita ma nauyi gare ta, a bar ta zuwa dare.

Daga la'asar zuwa dare

Bayan an huta, sauran wuraren mulki na kallo ne daga cikin mota. Ku bi ta Lugard Hall, mai ƙubbar nan da ake hangowa daga shataletale, inda majalisar wakilai da majalisar sarakunan Arewa suka zauna, wanda yanzu Majalisar Dokokin Jiha ke amfani da shi. Shiga sai da izini, kuma kada a ɗaga waya a ɗauki hoton ƙofa ko na jami'an tsaro ba tare da an tambaya ba, a nan ko a kowane ginin gwamnati. Ku ratsa ta Dandalin Murtala, tsohon filin sukuwa, inda sarakunan Arewa suka yi wa Sarauniyar Ingila hawan daba a 1956, sa'an nan ku nuna musu gidan rediyon, wanda ya fara aiki a 1962.

Kasuwa kuwa sai ka auna ƙarfin baƙinka. Babbar kasuwa, wadda ke ɗauke da sunan Sheikh Gumi, tana kan titin Ahmadu Bello, cike take da jama'a kuma wurin ajiye mota wahala ne. Kasuwar Barci a Tudun Wada ta yi suna da teloli da gwanjo. Ana cewa ta samo sunan ne tun lokacin da aka kwashe 'yan kasuwa zuwa can, ciniki ya yi ƙaranci har suna gyangyaɗi a rumfa. An rushe tsohuwar an sake gina ta a 'yan shekarun nan, don haka wanda ya san ta a da ba zai gane ta ba. In tsaraba ake nema, ni Bakin Dogo nake kai mutane, su sayi busasshiyar citta, wadda kudancin Kaduna, wajen Kachiya da Jaba da Kagarko, ya fi ko'ina noma ta a Nijeriya, da acca, da mazarƙwaila, in kuma lokacinta ne a haɗa da raken ƙasar Makarfi.

Idan rana ta yi sanyi sai a gangara Gamji, wurin shaƙatawa da ke bakin kogi, wanda sunansa na hukuma na Janar Hassan Usman Katsina ne. A ciki akwai 'yar gadar ƙarfe ta Lugga, wadda aka fara kafawa a Zungeru a 1904, daga baya aka kwance ta aka kawo nan, aka kuma sa ta cikin kayan tarihin ƙasa a 1956. Ƙarama ce, wanda ya zo da tsammanin babban abu zai yi dariya, amma ina son a ƙare zagaye a kanta, domin ita ma baƙuwa ce da ta biyo hedkwata kamar sauran mutanen garin, ga kuma kogin da ya jawo komai yana wucewa a gabanka. Kada dai ka yi musu alkawarin ganin kada a cikin ruwan.

Nama na bayan magariba ne, lokacin da masu tsire suka kafa tsinke a gefen wuta, masu balangu suka buɗe takarda. Ka sayi wanda aka yanka a gabanka daga kan wuta, kada ka karɓi wanda aka riga aka ƙunshe, ka kuma ce a zuba yaji a gefe. Kilishi kam kada ka yi musu alfahari da shi. Kai wa Badamagare kilishi kamar kai wa Bafulatana nono ne. Gasasshen kifi ko gasasshiyar kaza sun fi zama sabon abu gare su, a bi da kunun zaƙi mai citta ko zoɓo. In kuwa sun ce tuwo suke so, yanzu ne lokacinsa, furar ma yanzu ne.

Iyakar abin da na faɗa

Kuɗin shiga da lokutan buɗewa suna canzawa, wani lokaci kuma taro ko gyara yakan sa a rufe wuri, don haka ka leƙa gidan tarihin da Arewa House da kanka ana jibi ko ana gobe, ka shaida musu kana tafe da baƙi daga Nijar. Ka kuma tambayi Baffa tun kafin ranar ko likita ya hana shi gishiri ko zaƙi ko mai, domin dattijo ba zai ƙi abin da ɗansa ya ajiye masa ba ko da zai cutar da shi, kuma ni malamin tarihi ne, ba na asibiti ba. In zuwan ya faɗo cikin azumi, tsarin abincin nan duk ya rushe, sai a taƙaita yawon da safe a mayar da ci bayan shan ruwa.

Sa'an nan wannan hanya da na zana duk a arewacin kogi take, kuma na san mutanen ƙetaren gada za su ce na yi musu rowa. Suna da hujja, domin a can ne tsohuwar mahaɗar jiragen ƙasa take, inda layin da ya taso daga Fatakwal ya haɗu da na Legas zuwa Kano, a can ne kuma Kakuri take, inda masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, dubban mutane suka ci abinci a cikinsu kafin su durƙushe. Atamfar da aka saƙa a Kakuri ta shiga kasuwannin Nijar, ba mamaki ma Baffa ya taɓa saya wa iyalinsa. In sun ƙara kwana, ka kai su can da safe, ko kuma ku kama hanyar Zariya tun da sanyin safiya ku dawo kafin magariba.